A Buɗe Taswira Kafin A Raba Kasafi: Magana Kan Garuruwan Kudancin Kano

A garin Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a shekarar 1877. Mutanenmu suna yawan faɗar wannan da alfahari, amma ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da ya zaunar da iyayensa a can ba. Agalawa ne, fatake masu zuwa Gwanja sarin goro, kuma sun zaɓi Bebeji ne domin tana bisa hanyar ayari tsakanin Kano da Zazzau, ga ganuwa, ga ruwa, ga wurin kiwon jakuna, ga hatsin guzuri. Baturen nan Clapperton da ya ratsa garin a 1826 ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu 20, yawancinsu 'yan kasuwa. A farkon Fabrairun 1903, sojojin Kanar Morland da suka taso daga Zariya sai da suka fasa ƙofar Bebeji da igwa kafin su wuce Kano. Gari ne da ba a tsallake shi.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin dogo ya bi ta Ɗangora da Madobi, ya bar Bebeji a gefe. Ciniki ya koma gyaɗa, Ɗantata ya yi arzikinsa a birni. Daga baya da aka shimfiɗa babban titin Kano zuwa Zariya, shi ma bai ratsa cikin garin ba. Babu sarkin da ya yi wa Bebeji mugunta, babu gwamnan da ya sa hannu a takardar rage mata daraja. Hanya ce ta kauce, kasuwa ta bi ta.

Ni ɗan Ƙofa ne, kuma labarin ƙasa na koyar a makarantun sakandare na wannan yanki har na ajiye alli. Abin da nake so in faɗa wa masu tsara tattalin arzikin Jihar Kano shi ne, gari yana tashi ne da abin da wurin zamansa ya ba shi: hanya, ruwa, damina, ƙasar noma, abin da ke cikin dutse. Duk tsarin da bai fara da duba waɗannan ba, rabon kuɗi ne kawai. Mu kuwa a Kano mun saba da iri biyu. Ko dai a tara komai a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, ko kuma, in an tuna da karkara, a yanka aiki gida 44 daidai wa daida, kamar ana rabon naman watanda. Garuruwa matsakaita irin su Tudun Wada da Kiru da Bebeji da Kwanar Ɗangora, waɗanda sun wuce ƙauye amma ba su kai birni ba, su ne ke faɗuwa a tsakani.

Mu duba taswirar. Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, in aka haɗa su, sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar jihar nan. Doguwa kaɗai ta haura murabba'in kilomita 1,400. A ƙidayar 2006 mutanen huɗun sun haura dubu 800, kuma kowa ya san an hayayyafa tun daga lokacin. Nan ne damina ta fi sauka da wuri kuma ta fi daɗewa. A Doguwa ruwan sama na shekara yakan wuce milimita 1,000, alhali can arewacin jihar ba ya kusantar haka. Shi ya sa masara da shinkafa da waken suya da rake suke yi a nan yadda ba sa yi a Ɗambatta ko Kunci. Kogin Kano ta nan yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a Tiga. Manyan hanyoyi biyu, ta Zariya da Kaduna da kuma ta Saminaka da Jos, a Kwanar Ɗangora suke rabuwa. Wanda ya ga wannan hoton bai san Kano ba, zai ɗauka nan ne masana'antun sarrafa amfanin gona suke. Ba nan suke ba. Suna Bompai da Sharaɗa da Challawa, ko a bakin titunan shiga birni.

Birnin Kano ya samu tsararren shiri tun farkon shekarun 1960, wanda wani masanin tsara birane, Trevallion, ya zana domin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Ko an bi shi ko ba a bi ba, an dai zauna an yi tunanin inda masana'anta za ta zauna da inda mutane za su kwana. Dokar tsara birane da yankuna ta ƙasa ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare har a matakin ƙaramar hukuma. Amma ka shiga kowane gari a yankinmu ka ga yadda yake faɗaɗa: mai gona ya kira mai awo, a yanka fuloti, a bar lungun da ko a-kori-kura ba ta shiga, babu filin makaranta, babu magudanar ruwa. Bayan shekara goma a zo ana neman inda za a sa kasuwa, a tarar babu, sai an biya diyya mai tsada ko an yi rusau.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta ruwa. Madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina tsakanin 1971 da 1974, tana cikin ƙasar Bebeji. Tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, tafkinta ya mamaye murabba'in kilomita kusan 180. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu da maƙabartun iyayensu domin a yi ta. Ruwan yana gangarawa ta babbar magudana zuwa filayen noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda aka tsara shayar da hekta dubu 22 a kashin farko. Wanda aka sako ta kogi shi ake tacewa a Tamburawa mutanen birni su sha. Tashar lantarki mai megawat 10 da jiha ta gina a jikin madatsar, tun farko an faɗa cewa matatar Tamburawa da fitilun titunan birni za ta yi wa aiki.

Ban ce kada birni ya sha ruwa ba, kuma ina murna da arzikin da mutanen Kura suka yi da shinkafa. Na kuma san dalilin da ya sa ruwan ya nufi can: ruwa gangare yake bi, su suna ƙasa da madatsa, mu da yawanmu muna sama da ita. A 1974 wannan hujja ce mai ƙarfi, domin tura ruwa tudu sai da injin dizal. Yau fa? Manoma da kuɗin aljihunsu suna sayen famfo mai aiki da hasken rana suna ba lambu ruwa. Abin da mutum ɗaya yake yi a kadada ɗaya, gwamnati za ta iya yi wa ƙauyukan da ke kewaye da tafkin a ƙasar Bebeji da Tudun Wada: a ɗaga ruwa zuwa tanki a kan tudu, a sake shi ya gangaro gonaki. Akwai ƙauyukan da yaro zai hau tudu ya hango ruwan Tiga yana ƙyalli, ya sauko ya ɗauki jarka ya tafi rijiyar da ta kusa ƙafewa. Da rani samarin waɗannan ƙauyuka ci-rani suke tafiya, wasu garuwa a birni, wasu acaɓa a Abuja da Legas. Ɗalibaina ne da yawansu. Na san masu kai a cikinsu, waɗanda da akwai aikin rani a gida da ba su tafi ba.

Sai Kwanar Ɗangora. Babu wanda ya zana wannan gari, direbobi da masu abinci da masu faci da 'yan kamasho ne suka gina shi, domin duk motar da ta fito Kano za ta Kaduna ko Jos sai ta bi ta nan. Da kaka ka tsaya a bakin titi ka ga tireloli ɗauke da masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada. Wasu su yi arewa zuwa Dawanau da kamfanonin casa na birni, wasu su yi kudu zuwa masu haɗa abincin kaji. Ba a sauke buhu a nan, ba a auna shi a nan, ba a niƙa shi a nan. Abin da garin yake samu shi ne kuɗin shayi da na lodi. Bayan wata biyu sai ka ga buhun abincin kaji ko shinkafa 'yar gwamnati mai tambarin kamfani ta dawo shagunanmu da farashin da manomin da ya noma ta ba ya iya saye.

Ga kuma abin da ke tafe. An fara sake gina titin Abuja zuwa Kano, ɓangaren Zariya zuwa Kano ya zama santsi. An ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Kaduna a 2021, mai tsawon kilomita 203. Bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, an fara shi a 2020. Dukkansu ta wannan sashe na jihar suke shigowa. Tambayar da ya kamata a ce Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare ta amsa ita ce, shin za su tsaya a wurinmu ko wucewa za su yi? Abin da ya sami Bebeji a 1911 zai iya samun Kwanar Ɗangora. Titi mai kyau yana kawo ciniki, yana kuma iya ɗauke shi, domin direban da a da sai ya kwana a hanya yanzu kai-tsaye yake wucewa. In ba a keɓe fili yanzu ba domin tashar manyan motoci da sito-sito da sikelin awo da wurin lodin jirgi, 'yan fuloti za su riga gwamnati, kuma sun riga sun fara.

Na san za a ce ai an yi wa karkara aiki. An yi. A mulkin Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an ba da aikin titi mai kilomita biyar a hedikwatocin ƙananan hukumomi, da fitilu da magudanai. Niyya ce mai kyau, kuma inda aka gama shi gari ya yi fasali, ko da yake da yawa sun shekara da shekaru a yashe kafin a koma kansu. Amma a dubi ma'aunin. Doguwa ta ninka Kura faɗi ninki-ba-ninki, kuma damuwarta ba titin ƙofar sakatariya ba ce. Damuwarta hanyar da za ta fito da masara daga ƙauyukan bayan dutse a watan Satumba, lokacin da rafi ya cika, babur ma sai an ɗauke shi a ka. Wani ɗan'uwana da ke noma a can ya taɓa sayar da masararsa a gona da ragin da ya cinye ribarsa kaf, saboda mai mota ya ce ba zai sa motarsa a wannan hanya ba sai an ninka masa kuɗi. Kwalbati uku da burji mai kyau sun fi masa fitilar titi amfani. Raba daidai yana kashe ƙorafin 'yan siyasa, amma ba ya duba abin da kowace ƙasa take bukata.

Tudun Wadan Ɗankadai kuwa ta riga ta nuna abin da ta iya. Shinkafa ce sana'arta, daga noma har turarawa da casa, kuma mata ne ƙashin bayan aikin: su sayi shanshera, su jiƙa, su turara a tukunya da itace, su shanya a bakin hanya, a kai inji. Abin da ke hana shinkafarsu gogayya da ta kamfani sananne ne, tsakuwa da ƙura da karyewar ƙwaya. Maganinsa ma sananne ne: dandamalin shanya na siminti, injin cire tsakuwa, wutar da ba ta ɗaukewa, da bashi mai sauƙi a lokacin kaka domin kada manomi ya sayar da arha ya dawo ya saya da tsada. Wannan ba ya bukatar biliyoyin da ake zubawa a gadar sama ɗaya. Kuma in aka sama wa matan nan makamashin da ba itace ba, an rage wa dajin Falgore gatari.

Falgore kansa, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, an daɗe ana kallonsa ta fuskar tsaro kaɗai, saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu da suka addabi hanyar Jos, har aka kafa wa sojoji filin atisaye a ciki. Tsaron wajibi ne, babu mai zuba jari inda ake tare hanya. Amma dajin shi ne ke riƙe ƙasar da kogin Kano ke ratsawa. In ya ƙare, yashi da laka za su cike Tiga, kuma ranar nan mai buɗe famfo a birni zai ji a jikinsa. Can ƙuryar kudu ga Riruwai, hedikwatar Doguwa, garin kuza tun zamanin Turawa, wanda faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta durƙusar. Ma'adinin yana nan, yanzu samari ne ke haƙa da diga da shebur, dillalai su kwashe ɗanye. Mutumin Riruwai ya fi kusa da Saminaka a kan Kano, cinikinsa da jinyarsa da yawa can suke. Tsarin da ya tsaya a iyakar jiha, bai yi magana da Kaduna da Bauci ba, bai fahimci Doguwa ba.

Akwai dama ɗaya a gabanmu da nake tsoron kada ta kuɓuce. Kano tana cikin jihohi bakwai, tare da Abuja, da aka sa a kashin farko na shirin yankunan sarrafa amfanin gona na musamman, wanda Bankin Raya Afirka da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da asusun IFAD suke tallafawa, aka ƙaddamar da shi a 2022. Cibiyar Kano a Bagauda aka sa ta, cikin ƙasar Bebeji. Wannan karon an duba taswira, kuma na yaba. Sai dai Bagauda ta ga manyan gine-gine a baya. Otal ɗin bakin tafki da ake ji da shi a shekarun 1970 ya mutu, sai da aka mayar da shi Makarantar Horon Lauyoyi. Nan kusa a Kadawa, kamfanin tumatir na Ɗangote, wanda tattaɓa-kunnen Ɗantata ne ta wajen uwa, ya buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. A shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, ya tsaya. Bayan haka ma ya yi ta buɗewa yana rufewa, domin in tumatir ya yi tsada manomi kasuwar Kwanar Gafan yake kai kwandonsa, in ya yi arha kuma ba kullum injin ke jiransa ba. Mai kuɗin Afirka bai iya tsayar da masana'anta da gini da inji kaɗai ba. Sai da iri mai kyau, da malaman gona, da yarjejeniyar farashi da manomi ya amince da ita, da hanyar da za ta kawo kayan kafin su ruɓe. In aka kewaye fili a Bagauda aka sa ƙofa da allo, ba a haɗa shi da Tudun Wada da Doguwa da Kiru ta hanya da wuraren tara kaya ba, za mu sake samun ginin da ake nuna wa baƙi.

Wasu 'yan'uwana suna ganin maganin duk wannan shi ne a ba mu jiharmu ta Tiga. Ina girmama wannan fafutuka, ta daɗe, kuma kukan da ya haife ta gaskiya ne. Amma mun ga an kafa masarautar Rano a 2019 aka sa yawancin ƙananan hukumominmu a ƙarƙashinta, aka rushe dokar a 2024, kuma a tsakanin nan farashin ɗauko buhu daga gona bai sauya da ko naira ɗaya ba saboda wannan. Jigawa da aka cire daga Kano a 1991 ta gina Dutse, amma kasuwar dabbobi ta Maigatari da ta kifi a Haɗeja ba ofishin gwamna ne ya raya su ba, iyaka da kogi ne. In aka ba mu jiha gobe muka tara komai a sabuwar hedikwata, mutumin Riruwai zai ci gaba da kuka, sunan wanda yake yi wa kukan ne kawai zai sauya. Tsarin da nake magana a kai ba ya jiran gyaran tsarin mulki.

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye. In wannan ya tabbata a aikace, shugabanninmu huɗu ba su da sauran uzuri. Babu ɗayansu da zai iya shi kaɗai, domin masarar Doguwa ta Tudun Wada take bi, ta fito Kiru, kuma a Bebeji za a sarrafa ta. Burtalin da makiyayi ke bi daga dajin Ɗansoshiya zuwa mashayar Tiga bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Su zauna tare da hakimai da dagatai, da sarakunan noma da na kasuwa, da ardo-ardo, da matan da ke turara shinkafa, su gayyato malaman labarin ƙasa da tsara birane daga Jami'ar Bayero da ta Wudil, a zana taswira ɗaya ta shekara 20. A rubuta ta da Hausa, a liƙa a kowace sakatariya, domin talaka ya san filin da aka keɓe wa kasuwa, ya kuma iya yin magana ranar da wani ya zo zai yanka shi.

Ga 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, daga mazaɓar Kiru da Bebeji da ta Tudun Wada da Doguwa, da sanatan Kano ta Kudu: mun gode da babura da kekunan ɗinki da buhunan taki, suna rage zafi. Amma a kasafin kuɗi mai zuwa muna so mu ga layi uku da sunayen wurare a jikinsu: filin tasha da sito a Kwanar Ɗangora, ruwan noman rani ga ƙauyukan da ke saman Tiga, da hanyoyin fito da amfanin gona a Doguwa da Tudun Wada. Kai kuma mai karatu, in ɗan takara ya zo ƙofar gidanka neman ƙuri'a, ka tambaye shi a ina buhun masararka zai riƙa tsayawa a sarrafa shi, kuma ya faɗi sunan garin.